Kafin a Kira Dillali, a Kira Magini

Wata bakwai bayan rasuwar baffanmu, magada suka tsayar da shawara a sayar da gidansa na Miga a raba kuɗin. 'Ya'yansa maza sun watse, wani Kano, wani Dutse, matan kuma kowacce tana ɗakinta, gida ya koma na kaji da ƙadangaru. Ginin ƙasa ne mai zaure da ɗakuna huɗu, biyu rufin soro, biyu rufin kwano. Yayana aka wakilta, ni kuma ina biye da shi. Dillalin da muka fara kira ko zama bai yi ba. Daga bakin hanya ya ɗaga kai ya dubi fuskar zauren, ya ce, "Alhaji, a samo siminti a lafta wa gaban nan, a bi shi da fenti. Ido ne ke sayen gida." Maganar ta shige mu, don fuskar gidan ba kyan gani: yaɓe ya zube wuri-wuri, tubali ya fito fili kamar haƙarƙarin saniyar da ta sha rani. Gwaggonmu ce ta taka mana birki. Ta ce ba wanda zai taɓa bangon ɗan'uwanta sai an kira maginin da ya saba yi masa yaɓe.

Washegari da hantsi sai ga shi, dattijo mai furfura, da sanda a hannu, jikansa na biye riƙe da ƙaramar fartanya. Muka gaisa, ya yi wa mamaci addu'a. Muna nuna masa fuskar zaure, sai ya bi ta lungu ya zaga. "Ɗana," ya ce da ni, "bangon gaba na baƙi ne. Na baya shi ke faɗin gaskiya." Kusan awa biyu muka yi muna kewaya gidan da yaro zai kewaye cikin minti uku. A wannan zagayen na ga ilimin da ban taɓa lissafa shi cikin ilimi ba, alhali na tashi ina ganin masu shi suna wucewa ta ƙofar gidanmu da taɓo a ƙafa.

Sai mutum ya san ƙasar kafin ya gane abin da tsohon yake nema. Ta fuskar sarauta Miga tana ƙarƙashin masarautar Dutse, amma ta fuskar ruwa 'yar kogin Haɗejia ce. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama ɗaya, ya bi ta Wudil da Ringim, ya ratso yankinmu, ya nufi Haɗejia da dausayin Nguru, abin da ya saura ya bi kogin Yobe zuwa tafkin Chadi. An datse kogin Kano a Tiga a 1974, aka datse na Challawa a 1992. Tun daga nan tafiyar ruwan ta sauya. Wuraren da suka saba bushewa ƙaf da rani suka daina, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi, yashi da laka suka cike cikin kogin. Duk shekarar da aka tafka ruwa a sama madatsu suka tumbatsa, sai kogi ya rasa mafita ya fantsama cikin gonaki da garuruwa. Wanda ya ga daminar 2020 da ta 2022 a Ringim, Miga, Auyo, Kafin Hausa da Haɗejia, ba sai an ba shi labari ba. Mutane sun kwana a makarantu da gefen titi, gidajen ƙasa suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa mai sayen gida a nan ya bambanta da na birni. Na Kano yana tambayar wuta da famfo da nisan titi. Namu tambayarsa ta farko, "Ruwa yana shigowa?" Ta biyu, "Ya kai ina?" Sunan jihar ma ya isa bayani: jigawa tudun yashi ce, kishiyar fadama, kuma tsakanin tudun nan da fadamar nan kuɗin gida ke hawa da sauka. Gida biyu iri ɗaya a unguwa ɗaya, in ɗaya ya fi ɗaya tudu da kamu biyu kacal, ba za a taya su kuɗi ɗaya ba. Fenti ba zai ɗaga gida daga kwari ba. Iyakar abin da gyara zai yi shi ne ya nuna wa mai saye cewa masu gidan nan sun san ruwa, sun kuma yi masa shiri.

Daga gindin bango tsohon ya fara. Ya tsuguna, ya karɓi fartanya, ya ɗan kankare, ya murza ƙasar a tafin hannu, ya sansana. Ya nuna mini inda bangon ya rame daga ƙasa ya yi ƙugu kamar turmi, alhali samansa yana nan da kaurinsa. Ya ce ruwa daga sama yake zuwa, amma ta ƙafa yake kama gini. Wanda ya zubo daga rufi ya daki ƙasa ya fallatso wa bango. Wanda ya kwanta a lungu kuma bangon ya yi ta tsotsonsa kamar lagwani da kananzir. In rana ta fito ya bushe, sai ya bar wani farin gishiri-gishiri mai kama da kanwa, wanda ke rugurguza ƙasar ta koma gari. Bayan 'yan shekaru, gindin da ke ɗauke da nauyin gida duka ya koma rabi. Ranar da ambaliya ta iso, abin da ya riga ya gaji kawai take turewa.

Sai ya miƙe ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da kan sanda, taku ɗaya bugu ɗaya, kunne a karkace. Inda bango ke da lafiya, sautin gajere ne a dunƙule. Inda yaɓe ya rabu da tubali sai ka ji fanko, kamar an daki ƙwarya a kife. Sai da ya maimaita mini sau uku kafin na rarrabe. A wani wuri ya tsaya ya ce a fasa. Aka fasa, sai ga hanyar gara ta miƙe sama a ɓoye bayan yaɓe, tana neman katakon rufi. Duk inda ya ji fanko jikan nasa ya zana da'ira da gawayi, kafin mu gama bangon baya ya cika da zane kamar allon ɗan makaranta.

Tsaga kuwa iri-iri ce a wurinsa. Akwai ta fata, 'yan siraran nan masu kama da saƙar gizo-gizo. Yaɓe ne ya sha rana, sabon yaɓe zai shafe su. Akwai wadda ke miƙewa tsaye a mahaɗar bango biyu, inda aka yi ƙari daga baya ba a ɗaure sabon gini da tsoho ba. Ita buɗe ta ake yi, a gicciya guntayen azara su riƙe ɓangarorin biyu, a cike da ƙasa. Wadda ya daɗe a gabanta ita ce wata da ta taso daga kusurwar tagar ɗakin gabas ta tafi a karkace, samanta ya fi ƙasanta faɗi. Ya ce wannan saƙo ne daga ƙarƙashin harsashi. Lakar fadama haka halinta yake, da damina ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare, duk abin da aka ɗora mata dole ya bi rawarta. Ya sa aka shata ƙarshen tsagar da gawayi, ya soka kara daidai faɗinta, ya ce zai dawo bayan mako biyu. In karan ya faɗi ko tsagar ta wuce zanen, tana da rai. In ba ta motsa ba ta mutu, sai a binne ta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙasarmu ruwa ke riga ƙadangaren.

Daga nan ya sa aka jingina tsani ya hau soro, a shekarunsa, ya cire takalmi ya riƙa taka rufin a hankali yana jin inda ya lotsa. Rufin soro azara ce ake jerawa, a shimfiɗa asabari ko zana a kai, a bi da ƙasa. Daga giginya ake tsago azara, gara ba ta cika iya mata ba, amma ba ta ɗaukar nauyi a tazarar da ta wuce kimanin mita 2 sai da tokara. Wannan ne ya sa maginan da can suka ƙware a ɗaurin guga da bakan gizo in ana son ɗaki mai faɗi. Babban ciwon rufin ƙasa shi ne ya yi kwari a tsakiya. Ruwa ya kwanta, ƙasa ta jiƙe ta ƙara nauyi, azara ta sunkuya, kwarin ya ƙaru, ruwan gaba ya samu wurin kwanciya da ya fi na baya. Da yawa daga ɗakunan da ke rufta wa mutane cikin dare a watan Agusta ta nan abin yake farawa. Tsohon ya ce a miƙo masa buta. Ya tsiyaya ruwa a tsakiyar rufin, muka zuba ido. A ɗaki ɗaya ruwan ya gangara kai tsaye zuwa indararo. A ɗayan ya ɗan kewaya, ya taru wuri guda, ya kwanta.

Indararon ma ɗaya bayan ɗaya ya bi su. Biyu sun toshe da sheƙar tsuntsu da ganyen darbejiya. Ɗaya ya karye ya gajarce, maimakon ya watsa ruwansa nesa da gini sai ya riƙa zubo shi a jikin bango yana tona masa hanya tun daga rawani har ƙasa. Wannan guntun abin da bai kai kuɗin kaza ba, shi ya ramar da gindin bangon baya.

Da muka dawo zaure muka zauna a tabarma, yayana ya maimaita masa shawarar dillali. Tsohon ya girgiza kai. "Alhaji, siminti da ƙasa ba sa zaman aure." Ƙasa tana numfashi, in ji shi, tana shan danshi tana fitarwa, tana ɗan kumbura tana ɗan tsukewa. Siminti kuwa sandararre ne. In aka lafta shi a kan ƙasa zai yi kyau shekara ɗaya ko biyu, sannan ya fara rabuwa ta ciki. Ruwa ya samu 'yar kafa ya shige bayansa, ya rasa hanyar fita, bango ya yi ta ruɓewa a ɓoye, gara ta samu inuwa. Rana ɗaya simintin ya ɓanɓaro falle guda, a tarar abin da ke bayansa ya zama kunu. Waɗanda suka iya suna kafa ƙusoshi ko ragar waya, ko su dasa tsakuwa a jikin ɗanyen yaɓe don simintin ya samu abin kamawa, kuma hakan yana ƙara masa kwana. Amma bangon da gindinsa ke shan ruwa, wannan dabarar ba ta cetonsa. Ga tsada kuma. A farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a kasuwannin Najeriya. Ƙasar yaɓe tana nan a kududdufin bayan gari, kuɗinta na amalanke ne da na lebura.

Kafin ya yanke hukunci sai da ya tambaye mu, wa kuke sa ran zai saya? In gida yana bakin titi ko jikin kasuwa, inda ɗan kasuwa zai saya ya rushe ya fitar da shaguna, fili ake ciniki, ko curi ɗaya aka yaɓa an yi asara. Namu yana cikin unguwa, mai sayensa magidanci ne da zai so ya tare da iyalinsa kafin ruwa ya sauka. To, ga irin wannan gidan, duk abin da ya shafi hanyar ruwa a gyara shi ko da gobe za a sayar: gindin bango, kwarin rufi, indararo, ƙusoshin kwanon da suka saki, da lungun da ruwa ke kwanciya. Wannan kuɗi ne mai dawowa. Mai saye in ya ga rami a gindin bango, abin da yake lissafawa shi ne rushewa da sake gini, don haka in ya tashi karya farashi sai ya cire kuɗin gyara ya haɗa da kuɗin tsoronsa, alhali aikin na kwana biyu ne. Abin da ya shafi sha'awa kuma a bar wa mai shigowa: fenti, ƙofar ƙarfe, zanen dagi a fuskar zaure. Kowa da launin da yake so.

Ɗakin gabas ne ya rage. Da tsohon ya dawo bayan mako biyu, karan yana ƙasa. Ya ce kada a kashe wa ɗakin ko kwabo, kada kuma a rufe tsagar. A nuna wa mai saye, a rage masa kuɗin ɗakin. "Abin da ba zan iya warkarwa ba, ba zan lulluɓe shi ba."

Aikin ya ci kusan mako uku, kuma rabin kwanakin a kan ƙasa suka tafi tun ba ta taɓa bango ba. Da kansa ya zaɓe ta. Baƙar lakar fadama zalla tana da danƙo amma tana darewa in ta bushe, yashin jigawa zalla kuma ba ya kama jikinsa. Ya riƙa haɗa su yana dunƙulawa yana saki daga daidai ƙirji. In dunƙulen ya tarwatse, yashi ya yi yawa. In ya manne kamar malmalar tuwo bai ko tsage ba, laka ta yi yawa. Wanda yake nema shi ne ya faɗi ya rabe gida biyu ko uku. Aka zuba ramno da kashin jaki, aka kwarara ruwa, samari suka naɗe wando suka shiga takawa. Sannan aka bar ta ta tsumu. Bayan kwana uku aka sake jiƙawa aka sake takawa, haka har sau uku, sai da ciyawar ta yi laushi ta saje, ƙasar ta fara wani tsami-tsami. Wani lebura ya so a fara yaɓe tun ranar farko. Tsohon ya ce masa, "Yaro, ƙasar da ba ta kwana ba, ba ta kwana a bango."

Gindi aka fara. Aka kankare duk abin da ya ruɓe har aka tarar da ƙasa mai tauri, aka yayyafa ruwa, aka riƙa cike ramar kaɗan-kaɗan, kowane falle sai ya sha iska kafin a ɗora wani. Sannan ya ja dakali mai gangare a jikin bangon baya duka, tsayin gwiwa, don ruwan da ya faɗo ya zame ya yi waje. A nan kawai ya yarda da siminti da tsakuwa, a saman dakalin da bakin magudana. Sai yaɓen jiki, daga sama zuwa ƙasa. Wannan kam abin kallo ne. Yana kan tsani, jikansa na ƙasa yana cure ƙasa yana cilla masa, shi kuma ya cafe da hannu ɗaya ba tare da ya waiwaya ba, ya maka wa bango, tim, ya bi da tafin hannu ya shafe, ya bar sawun yatsu huɗu a lanƙwashe. Na ɗauka sawun ado ne kawai. Ya ce ado ne, amma yana kuma rage wa ruwa gudu, yana ba falle na gaba abin kamawa. Makawar ma da dalilinta: ƙasar da aka shafa tana zama a kan bango, wadda aka maka tana shiga cikinsa. Ba ma'auni, ba igiya, amma in ka kanne ido ɗaya ka dubi bangon ta gefe, sumul yake, yana ɗan ramewa zuwa sama yadda ginin ƙasa ya gada, gindi da kauri, kai siriri.

Falle na ƙarshe da makuba aka kwaɓa shi. Ɓawon ɗorawa ne ake dakawa a jiƙa, ruwan ya yi ja wur kamar shayi mai kauri, ya ba yaɓe tauri da santsin da ruwa ke zamewa a kai. Rufin soron ma, bayan an cike kwarin an fitar masa da gangare, makuba ya sha. Tsohon ya ce a zamanin ubangidansa da laso ake rufe soron masu hali: katsi daga marina, gashin jima daga majema, da dafara, a haɗa su su zama wani abu mai kama da siminti da ke daɗewa bai yi yoyo ba. Yanzu marina ta mutu a yawancin garuruwa, katsi ya yi wuya, itatuwan ɗorawa ma raguwa suke yi. Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Ashe ranar da marini ya rufe karofi, da wani yanki na sirrin magini ya tafi.

Lokaci ma yana cikin sana'ar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaɓe aikin rani ne, daga bayan girbi zuwa bazara, don in watan Yuni ya kama hadari ya fara haɗowa, ruwa ɗaya ke wanke ɗanyen yaɓe. Mai saye mai lura kuwa da damina yake zuwa kallon gida, ko ya aiko wani ya leƙa masa lungu bayan an ɗauke ruwa. In ba gaggawa, gyaran da ya ga damina guda ya tsaya ya fi kowane baki iya talla.

A cikin zaure akwai layin da ruwan 2022 ya bari, taƙi biyu daga daɓe. Dillali ya so a bi shi da farar ƙasa. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ce ya sa gida ya shiga ido, la'adarsa kuma sai an sayar. Tsohon ya ce shafa farar ƙasa halal ce, amma bayan mai saye ya gani. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayin ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san babin ciniki ya hana algus da ɓoye aibi. A mazhabar Malikiyya, wanda ya sayi gida ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da damar zuwa gaban alƙali, a rage masa kuɗi gwargwadon aibin, ko a warware cinikin in aibin babba ne. Yara ma sun san labarin tarin hatsin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a ciki ya ji danshi, alhali samansa a bushe. Bangon da aka yi wa fenti a kan ruɓa ɗan'uwan wannan tarin hatsin ne. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora filaye a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da izinin mallaka a karkara, amma babu takardar da ke faɗin inda ruwa ya kai. Maƙwabta ke faɗi, kuma za su faɗa. A gari irin Miga, inda ciniki ke bi ta gaban mai unguwa da shaidu, wanda ka sayar wa gida yau, gobe a sahu ɗaya za ku yi sallah.

Kada mai gidan bulo ya ce ba da shi ake ba. Na ga tsohon nan ya duba wani ginin bulo a unguwar da wannan idon dai. Ya karce bulo da ƙusa ya ga ko yashi ya rinjayi siminti, ya auna ko daɓen gida ya fi titi tudu, ya bi fentin da ke kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, alamar rima tana hawa. Gaskiya ne bulo ya fi jure kwanciyar ruwa, shi ya sa wanda ya samu hali bayan ambaliya yake fara jera bulo ko layi huɗu ne a gindi kafin ya ɗora ƙasa. Tsohon bai ƙi wannan ba, shi ma yana ba da shawararsa.

Ina ganin ba mu ba irin waɗannan mutane girman da ya kamace su. Muna alfahari da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ginin da har aka kwaikwaye shi a gidan tarihi na Jos. Muna jin daɗi in aka ce Falke Barmu, maginin garin Yama a jihar Tawa ta Nijar, ya gina masallacin garinsu da ƙasa a 1962, kuma a 1986 ginin ya samu lambar Aga Khan ta fasahar gine-gine. A Jenne ta ƙasar Mali, gari guda ke fitowa duk shekara a yi wa babban masallaci yaɓe, duniya na zuwa kallo. Hannun da ya ɗaga waɗancan gine-gine, irinsa ne ke cafe curin ƙasa a lungun Miga. Kano da Zariya suna da sarautar Sarkin Magina tun da daɗewa, don an san gari ba ya tsayuwa sai da su. Yau yaro ya fi so a kira shi birkila. Ba laifi ba ne, amma ya tsaya ya karɓi abin da ke kan tsohon tun yana raye.

Gidan baffa ya shiga kasuwa a ƙarshen bazara. Mutum na uku da ya zo gani wani malamin makaranta ne mai iyali, ya kuma zo da nasa maginin. Suka zaga baya, suka ƙwanƙwasa, suka hau soro. Yayana ya kai shi ɗakin gabas ya nuna masa tsagar da zanen gawayin, ya dawo da shi zaure ya nuna masa layin ruwa. Malamin ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Alhaji, gida uku na duba kafin wannan, ba wanda ya nuna mini inda ruwa ya kai." Aka zauna gaban mai unguwa da shaidu, aka cire kuɗin ɗaki ɗaya, yayana ya sallama. Kuɗin bai kai abin da dillali ya kwaɗaita mana ba, amma ya haura wani tayi da aka yi mana kafin gyara da fiye da abin da muka kashe, kuma har yau ba wanda ya dawo mana da ƙorafi.

Mai karatu, in kana da gida a kwarin kogin nan, daga Ringim har Guri, kana kuma shirin sayarwa, ka nemi tsohon maginin unguwarku kafin ka nemi dillali. Ka biya shi ladan zagayen ko da bai taɓa ƙasa ba. Ka bi shi ta lungu, ka riƙe masa tsani, ka kuma taho da ɗanka ya riƙe masa gawayi.